Tambaya da Amsa: Makarantar gwamnati a bakin gari

Tambaya: Mun tashi daga tsakiyar Yamai mun koma Koira Tegui, wata unguwa a bakin gari. Maƙwabta suna cewa kar in sa ɗiyata a makarantar gwamnati, wai 'ya'yan baƙi daga ƙauye sun cika ta, ba a cin jarrabawa. Yaya zan gane gaskiyar magana?
Wata uwa, Yamai

Amsa: Hajiya, asalin yaran da ke aji ba shi ne ma'auni ba. Gaskiya ne unguwannin bakin gari suna cika da sauri, kuma a aji ɗaya za ki tarar da mai jin Hausa, mai Zabarmanci, mai Fillanci. Amma kusan dukkansu a ajin CI, wato ajin farko na firamare, suke fara haɗuwa da Faransanci. Abin da ke raba makaranta da makaranta shi ne kwana nawa aka yi ana karatu.

Ki je da kanki ranar aiki da safe, ki ƙirga azuzuwan gini da na zana. Ajin zana sai an yi girbi an samu kara ake kafa shi, alhali an koma makaranta tun Oktoba, kuma ruwan farko na sauka yake watsewa. Kin ga shekara ta guntule kai da gindi. Ga kuma haɗarin wuta: gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021 ta ci yara kimanin 20 a irin waɗannan azuzuwa. Ki tambayi darakta wane aji ne ke cikin zana bana. In CI ne ko CP (aji na biyu), inda ake koyon baƙaƙe, abin dubawa ne ƙwarai.

Sai ki leƙa ajin: yara nawa a benci, nawa a tabarma, littafin karatu ɗaya na yara nawa. Ki tambayi 'yan kwamitin makaranta, wato CGDES, ko malamai suna zuwa kullum, musamman na kwantiragi idan albashi ya yi jinkiri.

Batun cin jarrabawa kuwa, kar kason ɗari ya ruɗe ki. A ce makaranta tana da yara 60 a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta gabatar da 30 mafiya ƙoƙari, 27 suka ci: za a ce kashi 90, alhali ko rabin ajin bai haye ba. Ki nemi adadin waɗanda aka rubuta, da na waɗanda suka zauna, da na waɗanda suka ci, na shekara uku a jere.

Gwaji mafi sauƙi: ki sami yaron maƙwabta ɗan CE2 (aji na huɗu) na wannan makaranta, ki buɗe masa shafin littafin karatunsu da ba su kai ba. In ya karanta ya faɗa miki ma'anar da Hausa, ana koyarwa. In sai shafin da ya haddace yake rerawa, da sauran aiki.

Kafin rajista ki tabbatar takardar haihuwar yarinyar tana hannu. Yara da dama sai a CM2 ake gano ba su da ita, lokacin haɗa takardun jarrabawa, sannan a shiga zirga-zirgar kotu.