Amsa kan kayan mai na injin jirgin ruwa

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya ɗaura famfon mai da tiyon mota a injin jirgin da aka kawo mana daga madatsar ruwan Zobe, tunda kayan mota sun fi araha kuma ko'ina ana samun su a cikin birnin Katsina. Kada ka yi, kuma ga dalilina.

Wannan inji ba mai kafireta ba ne. Nozul ne ke fesa masa fetur bisa umarnin kwamfutarsa, nozul kuwa ba ya fesawa daidai sai man ya iso masa da ƙarfin da ya kai wajen PSI 40 (PSI ma'aunin ƙarfin matsi ne), wato fiye da iskar da ake buga wa tayar ƙaramar mota, alhali kafireta ko PSI 7 ba ta buƙata. Shi ya sa yake da famfo biyu, ɗaya na jawo mai daga tanki zuwa ɗan tankin da ke jikin injin, inda ake raba fetur da tururinsa, na biyun kuma yana cikin ɗan tankin, shi ke tura man zuwa nozul. Kowannensu da lambarsa a littafin injin, kuma da lambar ake saye, ba da kamanni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. Idan tiyon mota ya tsage, man yakan zube a titi, iska ta kwashe tururin, amma a jirgi babu inda zai tafi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan jirgin yana jiran tartsatsi, mutane kuwa suna tsakiyar ruwa babu wurin gudu. Saboda haka ka nemi tiyon da aka rubuta ISO 7840 A1 a jikinsa, wanda aka gwada zai jure wuta minti biyu da rabi, ka ɗaure shi da kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Inda ba na yarda a yi rowa shi ne mataci. Masu jirage da yawa a jarka suke sayen fetur wurin 'yan bumburutu, kai ma ka sha ganin ruwa da yashi a gindin jarka. Ka sa mataci mai raba ruwa da mai, na maikuron 10 (maikuron ma'aunin ƙanƙantar dattin da matacin ke iya tarewa ne), tsakanin tanki da inji, domin ruwan ke sa famfo tsatsa, dattin kuma ya toshe nozul, kuɗin nozul ɗaya kuwa ya sayi mataci da yawa.

Gobe da safe, kafin mu sayi komai, ka ɗaura ma'auni ka auna ƙarfin man, ka kuma tsiyayi kaɗan a kwalba ka kawo mini in gani.