Kazar da kare ya ji wa rauni: a ware ta ko a bar ta cikin sauran?

Ka tambaya ko za ka iya barin kazar da kare ya yaga wa baya a cikin sauran kaji, tunda tana ci tana yawo. A ganina, ka ware ta tun yau. Kaji suna da ɗabi'ar saran duk abin da yake ja, kuma da zarar ɗaya ta ga jini ta kai baki, sauran za su bi sahu har ƙaramin rauni ya zama rami mai zurfi.

Ka danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, ka datse gashin da ke kewaye da ciwon, sannan ka wanke shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ka ɗaga fikafikanta ka duba da kyau, domin haƙorin kare yakan bar ƙananan huji da gashi ke rufewa, kuma su ne suka fi saurin ruɓewa. Ka ajiye ta a keji mai ɗan duhu da ruwan sha a kusa, inda ƙuda ba zai kai gare ta ba, saboda ƙwansa yakan zama tsutsa cikin kwana ɗaya. Idan wurin ya kumbura ko ya fara wari, aikin likitan dabbobi ne, kuma ka tambaye shi kwana nawa za a daina cin ƙwanta bayan magani.

Kada ka mayar da ita sai ciwon ya bushe sarai. Ka fara ajiye kejin inda sauran za su riƙa ganinta na 'yan kwanaki, sannan ka sake ta da dare bayan sun kwanta.