Tambaya da Amsa: Ruwan Rini da Gawayin Buntun Shinkafa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni mai rinin shadda ce a nan Argungu, a cikin gida nake yi, to ruwan da muka gama rini da shi a kwata muke zubarwa ya bi lambatu har fadama, kwanan nan maƙwabciyata ta yi min magana wai ruwan rijiyarsu ya fara canza kala, wallahi abin ya tsaya min a rai. Ɗana da ke jami'a ya ce gawayin buntun shinkafa na tsotse kala, shin gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika damu da haƙƙin maƙwabtaka. Ɗanki ya yi gaskiya, amma da sauran bayani.

Kin ga kalar kanti ba irin baban da kakanninmu ke jiƙawa da toka a marina ba ce, haɗin kemikal ce, wani Bature ɗan Ingila William Perkin ya fara gano ta farko a 1856, kuma da gangan ake yin ta don kar ta koɗe a rana ko wanki, to wannan taurin kan da kike so a jikin shadda shi ne matsalar idan ta shiga ruwa, ba ta ruɓewa da wuri, tana tare hasken rana ga tsirran cikin ruwa, ga kuma kostik soda da kuke haɗawa wadda ke ƙona fata ta kashe kifi. Wasu kalolin ma idan suka farfashe suna sakin sinadaran da ake alaƙantawa da ciwon daji. Garin da duniya ta san shi da kamun kifi a Matan Fada, ai bai kamata wannan ruwan ya isa fadama ba.

Shi gawayi sirrinsa ramuka ne ƙanana da ido ba ya gani, kalar na shiga ta manne a ciki ruwa ya wuce. Gawayin kamfani da ake gasawa da tururi a zafin digiri 800 zuwa 900, giram ɗaya tak idan aka shimfiɗa cikinsa yana kai murabba'in mita 500 zuwa 1500, wato giram 10 zai iya rufe filin ƙwallo. Na buntu da za ki yi a gida bai kai haka ba ko kusa, amma ga shi nan kusan a banza, kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, mu a Kebbi kuwa duk inda injin casa yake za ki ga tsibinsa ana cinna masa wuta, abin na min ciwo duk sanda na wuce.

Ki zuba buntun a durom mai murfi da 'yan ƙofofi kaɗan, ya ci wuta a hankali ba tare da iska sosai ba, baƙi ƙirin ake so, idan ya yi fari ya zama toka kenan. Ki wanke ki shanya. Sai ki huda gindin bokiti, tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, sannan gawayin da kauri.

Amma kar ki juye ruwan rini kai tsaye, nan da nan zai toshe. Ki fara tara shi a wani durom kwana ɗaya ko biyu kina motsawa ya sha iska, irin kalar da ake narkarwa da soda tana komawa gari ta kwanta da kanta, alam ko garin ƙwallon zogale na taimakawa, sai ki tsiyaye na saman ya bi ta gawayin a hankali, ɗigo-ɗigo. Kuma kaloli sun bambanta, wata tana kamuwa da sauri wata sai a hankali, dan haka ki fara gwadawa a kwalba. Ranar da kika ga kala ta fara fitowa ta ƙasa, gawayin ya ƙoshi, ki canza.

Ruwan ko ya yi garau ba na sha ba ne, ba na dabbobi ba, gishiri da soda na nan a ciki, ki maida shi wajen ɗauraye kayan rini. Rijiyar maƙwabta kuma su dakata da sha har a kai ruwan a auna.

TAMBAYA: Malam gawayin girki fa, zai yi? Kuma in ya gama aiki zan iya hura wuta da shi? Daga Yawuri.

AMSA: Zai ɗan yi ɗan'uwa idan ka daka shi ya yi laushi ka wanke, sai dai ka zuba da yawa. Hura wuta kuwa a'a dan Allah, duk dattin da ka cire yana cikinsa, iyalinka ne za su shaƙi hayaƙin. Ka busar da shi tare da laka ta gindin durom, ka binne a busasshen tudu nesa da rijiya da hanyar ruwa.