Yaya Shimon Peres ya zama shugaban ƙasa alhali ya sha faɗuwa zaɓe?

Tambaya: Salam Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani ya ce Shimon Peres na Isra'ila bai taɓa cin zaɓe ba amma ya yi shugaban ƙasa, wani kuma ya ce mutumin zaman lafiya ne tunda har Nobel aka ba shi. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh, mu fara da kujerar kanta. A Isra'ila mulki yana hannun firaminista ne, shugaban ƙasa uban ƙasa ne kawai, kamar yadda Azikiwe ya kasance lokacin da Tafawa Balewa ke riƙe da gwamnati a jamhuriya ta farko. Kuma ba talakawa ke zaɓensa ba, 'yan majalisar Knesset ne su 120, wa'adi ɗaya na shekara 7. Su ne suka zaɓi Peres a 2007 yana da shekara 83, ya sauka a 2014. Kai ko wannan kujerar ma sai da ya nema ya faɗi a 2000, Moshe Katsav ya kayar da shi da ƙuri'a 63 da 57.

Maganar abokinka na farko tana da ƙamshin gaskiya. Sau biyar Peres yana jagorantar jam'iyyar Leba zuwa babban zaɓe, 1977, 1981, 1984, 1988 da 1996, ba wanda ya ci kai tsaye. A na 1984 jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya da kujera 44, babbar abokiyar hamayyarta Likud 41, amma ya kasa haɗa gwamnati shi kaɗai, sai aka yi yarjejeniyar karɓa-karɓa, shi ya yi shekara 2 a firaminista sannan ya miƙa wa Yitzhak Shamir na Likud. A wannan ɗan lokacin ne ya shawo kan hauhawar farashi da ta wuce kashi 400 cikin ɗari, ya kuma janye sojoji daga mafi yawan Labanan a 1985.

Amma ni a ganina duk wanda ya tsaya lissafin zaɓe bai fahimci mutumin nan ba, saboda aikin da ya fi canza yankin ya yi shi ne tun kafin a taɓa jefa masa ƙuri'a ko ɗaya. An haife shi a 1923 a wani ƙaramin gari da ke Folan a lokacin (yanzu yana cikin Belarus), iyalinsa suka koma Falasɗinu a 1934, ya zama yaron David Ben-Gurion (firaministan Isra'ila na farko) na hannun dama, a 1953 aka ba shi babban daraktan ma'aikatar tsaro bai cika shekara 30 ba. Shi ya ƙulla cinikin makamai da Faransa, yana cikin zaman sirrin da aka shirya harin Suwez a kan Masar a 1956, kuma ta hanyarsa Faransawa suka taimaka aka gina tashar nukiliya ta Dimona a hamadar Negev. Sai 1959 ya shiga majalisa. Kuma lokacin da yake ministan tsaro daga 1974 zuwa 1977 ne aka yi samamen Entebbe a Yuganda don kuɓutar da fasinjojin jirgin sama da aka yi garkuwa da su, a lokacin ne kuma aka bar 'yan kama-wuri-zauna suka kafa matsugunin Ofra a Yammacin Kogin Jodan a 1975. Wannan na ƙarshen ina so ka riƙe shi da kyau, don irin waɗannan matsugunan ne har gobe suke cinye ƙasar da ake cewa za a ba Falasɗinawa.

Toh sai batun Nobel. Gaskiya ne ya samu a 1994 tare da firaminista Yitzhak Rabin da Yasir Arafat, saboda yarjejeniyar Oslo ta 1993 wadda shi ne ministan harkokin waje da ya tura ta har aka sa hannu a fadar White House. Ba zan rage masa wannan ba, zama da PLO, ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta Arafat, a lokacin ba ƙaramin abu ba ne a siyasar cikin gidansu, shi ya sa ma wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi, Yigal Amir, ya harbe Rabin ranar 4 ga Nuwamba 1995, Peres ya gaje shi. Wata biyar bayan nan, ranar 18 ga Afrilu 1996, ana tsakiyar farmakin da gwamnatinsa ta ƙaddamar kan Hizbullah, harsasan igwar Isra'ila suka faɗa kan sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙauyen Kana da ke kudancin Labanan, inda mutane suka gudu suka fake da 'ya'yansu, mutum sama da 100 suka mutu, da yawa mata ne da yara. Isra'ila ta ce kuskure ne, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce da wuya ya zama kuskure. Wallahi duk lokacin da na ji ana kiransa mutumin zaman lafiya kawai ba ƙari, Kana nake tunawa. A watan Mayu ya faɗi zaɓe a hannun Netanyahu da ratar ƙuri'a kusan 30,000, kuma Larabawan Isra'ila da yawa da za su zaɓe shi sun jefa farar takarda saboda fushin abin da ya faru.

A 2005 ya rasa shugabancin Leba, ya bi firaminista Ariel Sharon zuwa sabuwar jam'iyyar Kadima, daga can ya samu shugabancin ƙasa. Cikin ɗan ikon da kujerar ke da shi akwai zaɓar wanda zai kafa gwamnati bayan zaɓe, a 2009 kuwa Kadima ta Tzipi Livni ta samu kujera 28, Likud 27, amma ya miƙa wa Netanyahu saboda shi yafi samun goyon bayan sauran jam'iyyu. A shekarar ce kuma ya tsaya a taron tattalin arzikin duniya na Dabos yana kare yaƙin Gaza har Erdogan ya tashi ya fice daga dandalin.

Ya rasu ranar 28 ga Satumba 2016 yana da shekara 93. Mahmud Abbas ya je jana'izarsa a Ƙudus, 'yan majalisa Larabawa na haɗakar Joint List kuwa suka ƙi zuwa.