Amsa kan zana Dutsen Zuma da fentin mai

Malam, ka tambayi inda za ka fara wajen zana Dutsen Zuma da fentin mai, da kuma dalilin da ya sa fentinka yake tsattsagewa. Ka fara da sararin sama, sannan dutsen, itatuwan da ke kusa su zo a ƙarshe, kuma ka rage ƙarfin launin abin da ke nesa, musamman idan yanayin hunturu kake son nunawa. Game da tsattsagewa kuwa, shafin fenti na farko ya kasance mai ruwa-ruwa, a tsinka shi da tafentin, sannan kowane shafi da ya biyo baya a ƙara masa man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi. Idan aka juya wannan tsari, na sama yakan riga na ƙasa bushewa, shi ya sa yake tsagewa. A ganina, kada ka shafa banish, wato ruwan da ake shafawa a kan zane don ya kare shi, kafin wata 6 da gama zanen.