Amsa game da hawan tudun tsibirin Mukawwar

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko zai yiwu ku tsaya a tsibirin Mukawwar ku hau tudunsa a tafiyar da za ku yi daga Port Sudan da jirgin ruwa mai tafiya da iska. Zai yiwu, na kuma hau shi, amma shawarata ita ce ku bar matuƙin jirgi ya tsayar muku da lokacin hawa da na sauka.

Tsibirin yana yankin Dungunab a Bahar Maliya, ƙasar Sudan, wajen kilomita 125 arewa da Port Sudan, daura da ƙauyen Muhammad Ƙol, kuma tun 2016 UNESCO ta sanya yankin tare da Sanganeb, wani wurin shi ma a cikin tekun, cikin wuraren gadon duniya, don haka ku nemi izinin hukuma tun kafin ku tashi, balle da yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 2023. Tsayin tudun kusan mita 100 ne kawai, abin da ke sa baƙi raina shi. Sai dai dutsen tsohon murjani ne (dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa) da ya bushe, yana da kaifi, yana kuma marmashewa a ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa saukowa ta fi hawa wuya. Silifas ba zai yi ba, sai takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, kuma kada ka dogara da dutsen da ba ka girgiza shi ka ji ƙarfinsa ba.

Dalilin da na ce a bi maganar matuƙi shi ne murjanin da ke kewaye da tsibirin. Ba a ratsa shi sai rana ta ɗaga sosai, lokacin da ake iya bambance ruwa mai zurfi da marar zurfi da ido, da la'asar kuwa hasken rana kan dawo daga ruwan ya rufe komai. Saboda haka ku isa da rana, ku jefa anga ku kwana, ku fara hawa bayan sallar asuba, ku sauko kafin hantsi ya yi zafi. Idan iskar arewa ta tsananta da dare har matuƙin ya ce a tashi, to a haƙura da tudun.

Babu ruwan sha a tsibirin, inuwa ma babu a kan tudun, saboda haka kowa ya ɗauki lita biyu aƙalla, kuma kada ku gwada wannan tsakanin Yuni da Satumba. A bakin gaɓar gabas kunkurun teku ke haƙa rami su yi ƙwai, ku kauce wa ramukan idan kun bi ta can.