Tambaya da Amsa: Ko ƙirga tashe-tashen hankula yana kawo zaman lafiya?

A wannan fitowa mun zaɓi wasiƙu uku daga masu karatu, dukkansu a kan bibiyar rikice-rikice da laifuffuka da ajiye bayanansu, kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni ne sakataren kwamitin sulhu na yankinmu. An umarce ni in riƙa rubuta duk wani faɗa ko sata ko kisa da aka yi, amma wani dattijo a cikinmu ya ce wannan ƙirgan gawa ne kawai, ba ya dawo da wanda ya tafi, ba ya hana na gaba. Shin yana da gaskiya?

Amsa: Malam sakatare, dattijon yana da rabin gaskiya, domin rajistar da aka cika aka jefa a durowa ba ta taɓa raba faɗa ba. Sai dai akwai abin da rubutu yake nunawa wanda ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙewa. Jama'a sukan tuna babban tashin hankalin da ya girgiza su, su manta da ƙananan rigingimu goma da suka gabace shi, alhali a cikin waɗannan ƙananan ne ake gane wuri da lokaci da dalilin da suke ta maimaituwa.

Abin da ya faru a birnin Kali na ƙasar Kolombiya ya isa misali. A shekarar 1992 aka zaɓi Rodrigo Guerrero magajin garin, shi kuwa likita ne da ya ƙware a nazarin yaɗuwar cututtuka, don haka ya ɗauki kisan kai tamkar annoba. Ya sa 'yan sanda da asibitoci da masu binciken gawa su riƙa zama suna daidaita alƙalumansu, ana sa kowane kisa a taswira tare da ranarsa da sa'arsa. Kowa a lokacin yana ɗora laifin a kan masu fataucin miyagun ƙwayoyi, amma rajistar ta nuna cewa kashe-kashen sun fi yawa a ƙarshen mako da ranakun bukukuwa da lokacin biyan albashi, kuma da yawa daga cikin mamatan suna cikin maye lokacin da aka kashe su. Daga nan aka taƙaita sa'o'in sayar da barasa, aka hana yawo da bindiga a waɗannan ranaku, kuma nazarin da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa kisan ya ragu a ranakun da haramcin yake aiki.

A birnin Kadif na Birtaniya kuma, wani likitan tiyatar fuska mai suna Jonathan Shepherd ya lura cewa yawancin waɗanda ake kawo masa da raunin duka ba su taɓa kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Sai aka tsara cewa sashen gaggawa na asibiti ya riƙa rubuta wurin da abin ya faru da lokacinsa da makamin da aka yi amfani da shi, ba tare da sunan majiyyaci ba, ana miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni, su kuma su canza wuraren sintiri, su sa gidajen shaye-shaye su daina amfani da kofunan gilashi masu fashewa.

Don haka ka ci gaba da rubutunka, amma ka rubuta abin da zai yi amfani: rana da sa'a, wuri, abin da ya faru, ɓangarorin da ke ciki, abin da ya tayar da shi, wanda ya shiga tsakani, da yadda aka ƙare. Ka kuma ware shafi don abubuwan da ba su kai ga zubar da jini ba, irin su barazana, da jita-jitar da ke yawo, da iyalan da suka fara kwashe kayansu cikin dare, da ɓangarorin da suka daina halartar taron juna. A ganina wannan shafi ya fi na mamata daraja, domin shi ne yake magana tun da sauran lokaci. Ƙasashen IGAD, ƙungiyar haɗin gwiwa ta gabashin Afirka, sun kafa tsarin gargaɗin farko kan rikici mai suna CEWARN a 2002 bisa wannan tunani, suka fara da rikicin makiyaya a yankin Karamoja da ke kan iyakokin Yuganda da Kenya da maƙwabtansu, inda wakilai suke aika rahoton irin waɗannan alamomi a kai a kai. Sannan ka nemi kwamitinku ya tsayar da rana guda a wata don karanta rajistar, a kuma fita daga zaman da sunan wanda zai je ya ga wane.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai bincike. Na duba alƙaluman ƙungiyoyi biyu a kan ƙasa ɗaya da shekara ɗaya, na tarar sun sha bamban ƙwarai. Wace ce take ƙarya?

Amsa: Malama, mai yiwuwa babu wadda take ƙarya, abin da kowace take ƙirgawa ne ya bambanta. Shirin tattara bayanan rikice-rikice na UCDP a Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ba ya kiran abu rikicin makamai sai mutum 25 aƙalla sun mutu a fagen faɗa cikin shekara guda, kuma sai adadin ya kai 1,000 yake kiransa yaƙi. Ita kuwa ACLED, wata ƙungiyar tattara bayanan rikice-rikice wadda Clionadh Raleigh ta assasa, tana rubuta kowane lamari ɗaya bayan ɗaya, har da zanga-zanga da tarzoma da hare-haren da ba a rasa rai a cikinsu ba. Alƙaluman 'yan sanda kuma wani abu ne dabam, domin suna ƙirga abin da aka kai ƙararsa kawai.

Akwai wani tarko da ya fi wannan, kuma ina so ki kiyaye shi a bincikenki. Yawancin rumbunan bayanai sun dogara ne da rahotannin kafafen yaɗa labarai, su kuwa 'yan jarida sun fi yawa a birane da wuraren da hanya da layin waya suka isa, saboda haka ƙauyen da babu mai kai labarinsa yakan fito a taswira fes kamar babu abin da ke damunsa. Haka nan idan aka buɗe sabon ofishin karɓar ƙorafi, ko mata suka fara amincewa da hukuma har suna kai ƙarar cin zarafi, adadi zai haura ko da laifin bai ƙaru ba. Idan kuma mutane suka yanke ƙauna suka daina kai ƙara, adadi zai faɗi, wani jami'i ya tashi yana yabon kansa. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suke bin gida gida suna tambayar mutane abin da ya same su, kamar yadda Amurka take yi tun 1973, Birtaniya kuma tun 1982. Ki riƙe ma'auni ɗaya daga farkon aikinki zuwa ƙarshe, ki bayyana wanda kika zaɓa da dalilinki, kuma kada ki haɗa adadin wannan da na waccan a jadawali guda.

Tambaya: Tunda kowa yana da waya a hannu, me zai hana jama'a su riƙa aika rahoto kai tsaye? Ai idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Amsa: An gwada, Malam. Bayan zaɓen Kenya na Disambar 2007, wanda rikicinsa ya ci rayuka fiye da 1,000, wasu 'yan ƙasar sun ƙirƙiri manhajar Ushahidi, wato shaida a harshen Suwahili, inda mutane suke aika saƙon tes ana sa shi a taswira. Kafin ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki a 2010 aka kafa dandalin Uwiano, wanda ya haɗa saƙonnin jama'a da kwamitocin zaman lafiya na gundumomi masu iya tashi su je wurin. Hanyar tana da haɗarinta guda biyu. Saƙon da ba a tantance ba yana iya zama makami a hannun mai son tayar da fitina, don haka ba a yaɗa shi sai an ji daga wata majiya da ba ta da alaƙa da ta farko. Sunan mai kawo labari kuma amana ce, domin idan ya fita, ransa ne a kai. A ajiye sunaye dabam da rahotanni, a hannun mutum ɗaya ko biyu.

Game da karin maganar da ka kawo, jiki yana tsira ne idan kunnen da ya ji na wanda zai iya motsawa ne, kuma ya yarda ya motsa. A ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, ya aika wa hedikwata a Niyok saƙo cewa wani mai ba shi bayanan sirri ya shaida masa ana ɓoye makamai, ana kuma rajistar 'yan ƙabilar Tutsi da nufin hallaka su, ya kuma sanar da niyyarsa ta kai samame a rumbunan makaman. Aka hana shi. A watan Afrilu kisan ƙare dangi ya fara, aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Saboda haka kafin ku raba wa jama'a lambar waya, ku zauna ku amsa wa kanku wa zai ɗaga ta da ƙarfe biyun dare, wa zai kira bayan ya ɗaga, kuma da wane abin hawa za a isa wurin.